Ƙaramar Madatsar Ƙasa a Gona: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kiyaye Ta

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu noman rani, masu garke da masu kiwon kifi da suka datse ƙorama ko kwari don tara ruwan damina, da waɗanda suka gaji irin wannan madatsa ko suka sayi gona da ita. Inda aka ce jinga, ana nufin tudun ƙasar da ya tare ruwan. Gaban jinga shi ne ɓangaren da ruwa ke kwance, bayanta kuwa wanda ke kallon gangare. Mafitar rara ita ce hanyar da aka ware don ruwan da ya yi yawa ya fice ba tare da ya hau jinga ba.

Mece ce madatsar ƙasa, kuma me ya raba ta da kududdufi?

Kududdufi rami ne. Ruwansa yana ƙasa da doron gona, ko ya cika ya batse malala kawai zai yi. Madatsa kuwa ruwanta yana sama da duk abin da ke bayanta, jinga ce kaɗai tsakaninsa da gangare. Ranar da ta saki, ruwan da aka yi wata uku ana tarawa zai iya wucewa cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Hukumar manyan madatsun ruwa ta duniya, ICOLD, tana kiran madatsa babba idan tsayinta ya kai mita 15, ko ya kama daga mita 5 zuwa 15 amma ruwanta ya haura kubik mita miliyan 3. Tiga, Challawa, Bakolori da Goronyo suna wannan sahu. Ta gona ba kasafai take kai mita 10 ba, kuma ba ta da ma'aikatan da ake biya su duba ta. Mai ita ne mai gadinta.

Tawa ƙarama ce ƙwarai. Da gaske tana iya kashe mutum?

Mu yi lissafi. Kubik mita ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, wato duro biyar, nauyinsa tan ɗaya. Madatsar da ruwanta ya mamaye hekta 2, zurfinsa a tsaka-tsaki mita 2, tana riƙe da kubik mita 40,000. Wannan ya haura tanka 1,200 irin mai ɗaukar lita 33,000 ta dakon mai. Ka ƙaddara an juye su gaba ɗaya cikin kwari ɗaya da tsakar dare, a kan gidajen ƙasa.

A daren 9 ga Mayu 2018, madatsar ƙasa ta wata babbar gona mai zaman kanta a Solai, yankin Nakuru na Kenya, ta fashe bayan an ɗauki makonni ana ruwa. Ta bi ta kan gidajen da ke gangarenta, mutum 48 suka rasu, da yawansu yara. Shi ya sa tambayar farko a kan kowace madatsa ita ce: su wa ke kwana a ƙasanta? Wadda babu komai a gangarenta sai daji daban take da wadda ke kallon ruga, makarantar allo ko gadar da motoci ke bi.

Gonata ce, kuɗina ne. Sai na nemi izinin wani?

Ƙasar taka ce, amma ruwan da ke ratsa ta ba naka ba ne kai kaɗai. A Najeriya, Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba Gwamnatin Tarayya iko a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Ta bar wa kowa damar ɗibar ruwan aikin gida da na shayar da dabbobi, amma tarewa da karkatarwa suna buƙatar lasisi, kuma hukumar NIWRMC ce ke ba da lasisin amfani da ruwa. Akwai kuma dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ke hawa kan madatsun da suka yi girma. Ka fara da ma'aikatar ruwa ta jiharka da hukumar raya kogin yankinka, kamar Hadejia-Jama'are a Kano, Sokoto-Rima a Sakkwato ko ta Tafkin Chadi a Maiduguri, su faɗa maka abin da ya hau kanka. A Nijar akwai dokar ruwa ta 2010, ofishin ma'aikatar ruwa na jaharka ne mafari.

Kafin ofis kuwa akwai zaure. Ka zauna da mai unguwa da dagaci, da masu fadamar da ke ƙasa da kai, da ardon makiyayan da ke shayarwa a wannan ƙorama. Hadisi ya zo cewa Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Madatsar da ta toshe burtali ko ta busar da mashaya tana haifar da rigimar da za ta iya kai wani ya sare jingar da dare.

Me ya fi fasa irin wannan madatsa?

Abu biyu ne a gaba. Na farko, ruwa ya cika ya tsallake ta saman jinga. Siminti yana jure wannan, ƙasa ba ta jurewa: ruwan zai fara cin bayan jinga, ya yi ɗan kwazazzabo, ya riƙa ci yana komawa baya har ya iske tafkin. Na biyu, ruwa ya huda ta ciki, ya riƙa kwashe ƙasa ƙwaya-ƙwaya har ya yi wa kansa rami daga gaba zuwa baya. Akwai na uku da bai kai su yawa ba, wato gefen jinga ya zame don ya yi tsaye da yawa ko ya jiƙe sharkaf.

Manyan na gwamnati ma ba su tsira ba. Bagauda a Kano ta fashe a watan Agusta 1988. Ta Gusau ta fashe ranar 30 ga Satumba 2006 bayan mamakon ruwa, lokacin da ƙofofinta suka ƙi buɗuwa. Alau ta ɓalle a Satumba 2024, Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa. Dubi watannin: marka ce ko ƙarshen damina, lokacin da tafki ya riga ya cika, ƙasa ta ƙoshi. Ita kuwa Teton a Amurka, a 1976, ta ciki ruwa ya huda ta a cikarta ta farko. Wanda ya gina sabuwa ya riƙe wannan, kada ya ɗauke ido daga kanta a daminarta ta farko.

Wace ƙasa ce ta dace da jinga?

Wadda ta haɗa yumɓu da yashi, yumɓun ya kai kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Jiƙa ta kaɗan ka murza a tafin hannu: idan ta yi igiya mai kaurin fensir ba ta karye ba, akwai yumɓu, idan ta marmashe, yashi ya yi yawa. Maginan tukwane da masu buga tubali na garinku sun san inda take. Rairayin jigawa ba ya riƙe ruwa. Baƙar laka irin firgin Borno tana riƙewa, amma tana kumbura da damina ta dare da rani, tsagarta har hannu ke shiga, don haka ba a yin jinga da ita ita kaɗai. Ƙasar suri a bar ta. Ƙasar sama mai saiwoyi a ture ta gefe, a dawo da ita a ƙarshe don shuka ciyawa.

Akwai wata mayaudariyar ƙasa, yawanci a wurare masu kanwa, da ke da tauri a bushe amma tana narkewa a ruwa. Jefa ɗan busasshen curinta cikin kofin gilashi na ruwan sama, kada ka motsa. Idan ruwan ya yi fari-fari kewaye da shi kamar an ɗiga koko, kada ta shiga jingarka.

Mai katafila ya ce sati biyu ya gama. Me zan sa wa ido?

Katafila turawa ta iya, daɓe aikin rola ne. Tulin ƙasar da aka tura aka tsayar ba jinga ba ce. Aiki na gaskiya yana farawa da share wurin daga ciyawa, kututture da yashin ƙorama, sannan a haƙa rami a tsawon inda jinga za ta zauna har a iske ƙasa mai tauri da ba ta shan ruwa, a cika shi da yumɓu mai kyau, a daɓe. Wannan ramin ne ke hana ruwa bi ta ƙarƙashi, kuma shi aka fi tsallakewa, domin da an rufe ba mai ganinsa. Ka tsaya a kansa da ƙafarka, ka ɗauki hoto.

Daga nan a riƙa shimfiɗa ƙasa kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, rola ta bi sau da yawa, sannan a ƙara wata. Da rani ake aikin, saboda haka kuɗin tankar ruwa yana cikin kuɗin gini, don busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa. Gaban jinga ya kwanta: kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita 3 ta faɗi, bayanta kuma mita 2 zuwa 2 da rabi. Faɗin samanta kada ya gaza mita 3. A ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari a kan tsayin da aka zana, musamman a tsakiya, domin jinga tana zama bayan damina ɗaya ko biyu.

Jingar da za ta haura mita 3, ko wadda ke da gidaje a gangarenta komai ƙanƙantarta, a ganina kada a sa mata hannu sai da zanen injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Tun ran gini ran zane. Ramin ƙarƙashi da daɓen ciki ba sa gyaruwa bayan ruwa ya shiga.

Yaya girman mafitar rara ya kamata ya kasance?

Faɗin ƙasar da ke zubo wa tafkin ruwa ne ke yanke wannan. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya kubik mita 10 ce. To, a ce hekta 200 ke gangarowa madatsarka, aka yi ruwan milimita 80 a dare ɗaya cikin Agusta, rabinsa ya gudano saboda ƙasa ta ƙoshi. Kubik mita 80,000 ke nan, ninki biyu na tafkin da muka lissafa a tambaya ta biyu. Idan ya iso cikin sa'a huɗu, kowace daƙiƙa fiye da kubik mita 5 ke shigowa, kuma wannan tsaka-tsaki ne, lokacin da ya fi ƙarfi ya wuce haka nesa. Kwalbati ɗaya ko bututu biyu ba za su fitar da shi ba.

Mafita mai kyau shimfiɗaɗɗiya ce mai faɗi, an yanke ta cikin ƙasa ta asali a gefe ɗaya, ba a kan jingar da aka tara ba. Idan an samu fa ko marmara mai tauri, nan ne wurinta. A shuka mata kiri-kiri ko a jera mata duwatsu, a kai bakinta can nesa yadda ruwan zai koma ƙorama ba tare da ya zagayo yana cin gindin jinga ba. Idan kuɗi ya gaza, a rage tsayin jinga, kada a rage mafita. A wurina babu maganar da ta fi wannan nauyi cikin duk amsoshin nan.

Tazara nawa za a bari tsakanin ruwa da saman jinga?

Daga bakin mafita zuwa saman jinga a bar kamar mita ɗaya da rabi, yadda ko mafita na gudu a cike za a samu aƙalla rabin mita busasshe. A auna daga wurin da ya fi faɗawa: inda jinga ta zauna, inda babura da shanu suka yi turba, nan ruwa zai fara tsallakewa. Tiyo mai haske cike da ruwa, irin wanda magina ke daidaita gini da shi, ya isa wannan awo kowace shekara.

Ruwana yana ƙarewa tun Maris. In jera buhunan ƙasa a bakin mafita don in ƙara tarawa?

A'a. Kowane jerin buhu yana cinye tazarar da aka yi bayani a amsar da ta gabata, kuma ba mai zuwa kwashe su da ƙarfe biyun dare cikin tsawa. A tsibirin Kauai na Hawaii, madatsar Ka Loko, wadda ita ma mallakar mutum ce, ta fashe ranar 14 ga Maris 2006, mutum 7 suka rasu. Bincike ya nuna an cike mafitar rararta da ƙasa, daga baya aka yanke wa mai ita hukuncin ɗauri. Masu kiwon kifi su ma su kula: ragar da ake ɗaurawa a bakin mafita don kada kifi ya tsere tana tara kara, ganye da leda har ta zama bango. A kafa ta can cikin tafki, ta yi baka mai faɗi, a riƙa share ta.

Ƙarewar ruwa da wuri yawanci rana da iskar hunturu ne. A arewa suna shanye kusan mita 2 daga saman tafki a shekara, don haka tafki mai faɗi marar zurfi shi ya fi asara. Maganin shi ne a ƙara zurfi ta hanyar kwashe laka da rani, kamar yadda aka yi bayani a amsar ƙarshe.

Bayan jingata akwai damshi, har ɗan ruwa na tsattsafowa. Ta lalace ke nan?

Ba lallai ba. Babu jingar ƙasa da ruwa ba ya ratsa ta ko kaɗan. Abin lura uku ne: launinsa, yawansa da wurin fitarsa. Ɗebi a kwalba mai haske ka ajiye ya kwana. Idan garau yake, babu abin da ya kwanta a gindi, ruwa ne kawai ke wucewa. Idan ya yi jajaja ko ya bar laka, to jingarka yake kwashewa, wato hudawar cikin da aka ambata a tambayar abin da ke fasa madatsa ta fara.

Don sanin yawansa, tattara shi ya bi ta ɗan bututu ɗaya, ka tara bokiti, ka duba agogon wayarka. Rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka, da inda ruwan tafki yake a ranar. Yoyon da ke ƙaruwa idan tafki ya hau, ya ragu idan ya sauka, yana tafiya bisa ƙa'ida. Wanda ke ƙaruwa alhali tafki bai motsa ba shi ne abin tsoro. Haka wanda ya fito a tsakiyar gangaren jinga maimakon gindinta, da ɓuɓɓugar da ke tara yashi kewaye da bakinta kamar gidan tururuwa, da wurin da ya lotsa a saman jinga, da ruwan da ke juyawa kamar mazurari a gaban jinga.

Kada ka toshe bakin yoyo da yumɓu ko siminti daga baya. Ruwan zai taru a ciki ya nemi wata hanya mafi muni. Abin da ake yi shi ne a rufe wurin da yashi mai tsabta, a bi da tsakuwa, a danne da duwatsu, yadda ruwa zai wuce ƙasa ta tsaya. Idan ɓuɓɓuga ce a kewaye ta da zoben buhunan yashi har gudunta ya lafa ruwan ya washe. Sannan a fara rage ruwan tafki, a kira injiniya, a sanar da mutanen gangare a wannan ranar.

Na ga tsaga a saman jinga. Wacce ce mai hatsari?

Ƙananan tsage-tsage kamar bayan kunkuru na bushewar rani ne. A kankare, a cika da ƙasa mai damshi, a daɓe kafin ruwan fari. Tsagar da ta bi tsawon jinga, musamman idan gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka ko gindin jinga ya kumburo, alamar zamewa ce. Wadda ta ratsa jinga daga gaba zuwa baya ita ce mafi muni, don hanya ce buɗaɗɗiya da ruwa zai bi da zarar ya kai tsayinta. An fi ganinta inda jinga ta haɗu da tudun gefe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a rufe su da shebur a manta. A sauke ruwa ƙasa da su, a kafa turaku biyu a riƙa auna ko suna buɗewa, a nemo injiniya.

Ashe saiwar itace ba ƙarfafa ƙasa take yi ba? Me ya sa ake hana shuka a kan jinga?

A bakin kwazazzabo tana ƙarfafawa. A jinga kuwa saiwa tana bin damshi ta ratsa zuwa ruwa, ranar da itacen ya mutu ta ruɓe ta bar rami. Iskar hadari kuma tana tumɓuke itace da guntun jinga a gindinsa. Darbejiya, bagaruwa, mangwaro da itacen turare duk a nisanta su mita 5 zuwa 10 daga gindin jinga. Ƙananan da kaurinsu bai kai santimita 15 ba a sare su tun yanzu. Manya kuwa sai an sauke ruwa da rani, a tono saiwoyin, a cika ramin shimfiɗa-shimfiɗa kamar sabon gini.

Abin da jinga ke so shi ne gajeriyar ciyawa mai shimfiɗa irin kiri-kiri. Gamba da sauran dogayen ciyayi suna ɓoye rami da yoyo, a riƙa yanke su.

Gara, gafiya da shanu fa?

Gafiya, kurege da guza suna haƙa rami a jinga, gara kuma tana yin ɗakuna a ciki. Ramin gaba da na baya suna iya haɗuwa. A kori dabbar, a tone ramin har ƙarshensa, a cika a daɓe. Toshe baki kawai yaudarar kai ne. Suri a tone shi har a fitar da uwar. Shanu kuwa kofatonsu yana kashe ciyawa ya yi turbar da ruwan sama zai mayar kwazazzabo. A killace jinga da mafita, a yi mashaya mai shimfiɗar duwatsu can gefen tafki, ko kwamin sha a gangare.

Ina so in sa bututu ta cikin jinga don ban-ruwa. Akwai matsala?

Jikin bututu shi ne hanyar da ruwa ya fi so, don ƙasa ba ta kama shi sosai. Idan tun wajen gini ne, a kwantar da shi cikin ƙasa ta asali, a lulluɓe da kankare ko a daɓe yumɓu kewaye da hannu, a sa matatar yashi wajen fitarsa. Makullin buɗe bututun da rufe shi ya fi kyau a gaban jinga, domin idan a baya kaɗai yake, bututun yana cike da matsi dare da rana, duk hudar da ya yi cikin jinga za ta zuba. Jingar da ta riga ta tsaya kuwa kada a yanka ta. A ɗora bututun roba mai kauri ta samanta, a cika shi da ruwa ya riƙa zuƙowa da kansa, ko a yi amfani da injin ban-ruwa.

Wajen rage ruwa ma a bi a hankali, kamar santimita 15 a yini idan ba gaggawa ba. Saukewa da sauri tana barin gaban jinga a jiƙe ba abin da ke tokare shi, sai ya zame.

Sau nawa zan riƙa duba ta?

Da rani sau ɗaya a wata, da damina kowane mako, da kuma safiyar duk daren da aka yi babban ruwa. A ƙafa ake yi: ka bi saman jinga, ka dawo ta gindin baya, ka ratsa mafita daga bakinta har ƙarshenta. Kafa sanda mai alamar santimita a cikin tafki, ka sayi littafi ɗaya na madatsa kaɗai, ka riƙa ɗaukar hoto daga wurare guda. Ido yana sabawa da abin da ke lalacewa a hankali, hoton bara ne ke tona shi.

Afrilu da Mayu watannin gyara ne, a gama kafin ruwa ya zauna. Ka saurari hasashen damina da hukumar yanayi ta NiMet ke fitarwa farkon shekara da hasashen ambaliya na NIHSA, hukumar da ke lura da yanayin ruwan koguna. Idan a birni kake zaune, ka koya wa mai kula da gonar duk alamomin da ke cikin amsar damshi da ta tsaga, ka kuma ba shi izinin sanar da mutane ba sai ya same ka a waya ba.

Ruwa na gab da tsallake jinga cikin dare. Me zan fara yi?

Mutane tukuna. Kira mai unguwa da limami a yi shela da lasifikar masallaci, kowa ya hau tudun gefe, kada a gudu ta cikin kwari gaban ruwa. A tsare hanyar da ta ratsa ƙorama. A kira 112 da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Bayan haka, idan ana iya isa mafita ba tare da hawa jinga ba, a share abin da ya toshe ta, a faɗaɗa ta ta ɓangaren tudu, a buɗe bututu. Kada a sare jinga da sunan rage ruwa, kuma da zarar ruwa ya fara bin samanta ko yoyo ya zama laka mai gudu, kowa ya sauka.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an shirya tun rani: lambobin waya a rubuce, an san tudun da za a hau, an san gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya. Wasu masu madatsa suna jin nauyin wannan zama, wai kada a ce abinsu na da hatsari. Gara a tashi mutane sau uku ba abin da ya faru.

Idan ta fashe ta yi ɓarna, wa ke da alhaki?

Mai ita. Kotunan Najeriya suna aiki da ƙa'idar shari'ar Rylands da Fletcher ta Ingila, 1868, wadda ita kanta a kan tafki aka yi ta: mai masana'anta ya tara ruwa, ruwan ya ɓalle ya cika ramin haƙar kwal na maƙwabcinsa, aka ce ya biya ko da ba shi ya yi sakacin da hannunsa ba. A shari'ar Musulunci ma hadisin babu cuta babu cutarwa yana nan, kuma wanda sakacinsa ya halaka dukiyar wani yana lamunce ta. Mun yi imani da ƙaddara, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma marka ba baƙuwa ba ce, kowace shekara tana zuwa. Littafin dubawa, hotuna da zanen injiniya su ne shaidarka cewa ka ɗaure naka.

Yaran gari suna wanka a ciki. In hana su?

Ka hana ta hannun iyaye da malamansu, musamman kusa da jinga inda zurfi yake da santsin laka, da bakin mafita lokacin da take gudu. Ajiye doguwar gora da igiya ɗaure da jarka a bakin ruwa. Ban da haɗarin nutsewa akwai tsargiya, wadda ƙananan katantanwar ruwa ke yaɗawa. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, maganinta Praziquantel sananne ne. Share kacalla da ciyawar bakin ruwa yana rage katantanwa da sauro. Ruwan sha kuma a haƙa rijiya a gangare maimakon ɗiba kai tsaye daga tafki.

Na sayi gona da tsohuwar madatsa da ta cika da laka. In gyara ko in rushe?

Fara da tambayar dattawan wurin: wace shekara aka yi ta, da rola ko da katafila kaɗai, ta taɓa tsallakewa, an taɓa ƙara mata tsayi? Ƙarin da aka ɗora a sama ba tare da faɗaɗa gindi ba rauni ne. Sannan a yanke ciyawa tas, injiniya ya zaga da kai, ya auna mafita da faɗin ƙasar da ke zubo mata kamar yadda aka lissafa a baya. Laka ta rage wurin ruwa, don haka tafkin yana cika da wuri fiye da yadda aka gina shi. Idan gyara za a yi, a kwashe lakar da rani a kai gona, taki ce mai kyau, amma kada a haƙa kusa da gindin jinga ko a huda shimfiɗar yumɓun da ke ƙasan tafki. A can sama kuma a jera duwatsu a kwazazzabai, a shuka jema, don lakar ta tsaya kafin ta iso.

Idan ba ka da buƙatarta ko ƙarfin kula da ita, kada ka bar ta haka nan, don alhakinta yana wuyanka ko ba ka amfana da ita. A sanar da hukuma da mutanen gangare, a zuƙe ruwan a hankali cikin rani, sannan a yanka ƙofa mai faɗi har ƙasan ƙorama ta asali, gefunanta a kwance. A shuka ciyawa a kan lakar da ta rage tun kafin ruwan fari, don kada damina ɗaya ta kwashe ta ta binne fadamun da ke ƙasa.